Filin da Ƙafar Baba Ta Sani

Fatakwal, 10 ga Fabrairu

Gwaggo Febi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ƙafar nan kuma ta daina kumburi. Yaya jikin Baba? Ki gaishe shi, ki ce na ce kada ya bar ɗiga maganin ido, ko da yake na san zai ce idon da ya riga ya tafi ba ya bukatar hidima. Ni lafiyata ƙalau, sai kewar gida.

Na rubuto da hannu kamar yadda kika ce, tunda kunnenki ba ya shiri da waya. Siman direba zai miƙa miki in ya ratsa Keffi. Babbar takardar da ke naɗe a ciki zanen tsakar gidanmu ne. Shekara uku ke nan ina tsara wa mutane filayen gidajensu, inda za a dasa itace, inda za a zauna, inda ruwa zai bi, ga ubana can yana tuntuɓe a nasa. Da na zo Kirsimeti na ga ya taka saiwar mangwaron nan da ta fito waje, sai da gabana ya faɗi.

Kin tuna ina yawo da tef ina awo, kina tambayata ko sayar da gidan zan yi? To ga abin da nake yi. A aikinmu, kafin mu ja layi ko ɗaya, sai mun duba inda rana ke bugawa, da inda ruwa ke gangarawa, da inda ƙafar mutane ke bi. Ruwanmu ƙofar kicin yake nufa, shi ya sa kowace damina kike kwasarsa da bokiti. Na juya gangaren ya koma bayan rijiya. A sare saiwar, a kwashe duwatsun nan uku na hanyar zaure, a rufe kwatar rijiya, igiyar shanya ta koma bayan ɗaki. Sai a shimfiɗa tubalan daɓe na intalok daga bango zuwa bango, sumul, yadda babu abin da zai ƙara kama ƙafar Baba. Benci kuma a gindin mangwaro, don a nan inuwa take kwana da la'asar.

Na yi magana da Ruben birkila, ya ce mako biyu ya ishe shi. Ki sa masa ido, kin san shi da surutu.

Taki,
Judit

Angwan Iya, Keffi, 10 ga Maris

'Yata Judit,

Muna amsa gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, sai dai in na daɗe a tsaye ta tuna mini shekaruna. Babanki yana cin abinci, yana ɗiga magani in na tsaya a kansa. Matan zumunta suna gaishe ki, suna tambaya ko har yanzu itatuwa kike aura wa mutane, ke ba ki yi ba.

Takardarki ta iso. Na karanta wa babanki wasiƙar, sannan ya ce in ba shi zanen. Ya shimfiɗa a cinya, ya yi ta shafawa da tafin hannu, sai ka ce zai ji layukan. Na ce, “Yaya, ga shi an ce za a sare saiwarka, a ɗauke igiya.” Sai ya ce, “Abin da Judit ta zana, a yi. Ba don ado na tura ta makaranta ba.” Duk wanda ya shigo gaishe shi a makon nan sai ya sa an nuna masa takardar. Har fasto bai tsira ba.

Ruben ya yi aiki, ba laifi. Mako biyun nasa dai kwana goma sha tara ne. Na tsaya a kansa yadda nake tsayawa a kan 'yan aji shida lokacin jarrabawa. Ya ja igiyar awo, ya fitar da gangaren yadda kika rubuta, yana yi yana cewa shi bai taɓa ganin gidan talaka da taswira ba. Ranar da aka sare saiwar na ji tsoro kada mangwaron ya yi fushi, amma ga shi nan da furensa.

Wuri ya yi kyau, ba zan ɓoye miki ba. Shara ta yi sauƙi. Mairo maƙwabciyarmu ta leƙo ta tsaya baki buɗe, ta ce ko gidan gwamnati ta shigo. Na zauna a bencinki jiya da la'asar, inuwar kuwa tana nan inda kika ce.

Babanki kuma yanzu ya samu hutu. Ya rage zirga-zirgar nan tasa, yana ɗaki da rediyonsa.

Gwaggonki,
Febi

Fatakwal, 17 ga Maris

Gwaggo,

Na gode Allah da kuna lafiya. Ni ma haka, sai aiki da ya yi mini yawa.

Wasiƙarki ta sa ni rawa a ofis. Layin ƙarshen nan sau uku na karanta shi. Baba ya samu hutu! Abin da nake so ke nan, mutumin da ya yi shekara talatin yana taka garin Keffi yana raba wasiƙu ya zauna ya miƙe ƙafa, ba tare da fargabar faɗuwa ba.

Ki karanta masa wannan da ƙarfi: Baba, yanzu duk filin naka ne, ko da gudu ka ga dama ka yi. Wane wuri ka fi so? Ka gaya mini, don in ruwa ya sauka ina so a dasa lalle da ɗoɗɗoya a wurin, ka riƙa jin ƙamshi.

Na nuna wa shugabana hoton da Ruben ya turo mini, ya ce aiki ya yi tsabta. Na ce masa ai na ubana ne.

Taki,
Judit

Fatakwal, 21 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina fata lafiya. Sau biyu Siman yana zuwa hannu wofi. In na kira waya, Baba ya ce “lafiya lau, komai lafiya” ya miƙa miki, ke kuma ki ce ba kya ji. Ko na yi laifi ne? Ko jikinsa ne kuke ɓoye mini? Ruwa ba ya tsami banza. Don Allah ki rubuto, ko layi biyu ne.

Judit

Angwan Iya, Keffi, 5 ga Mayu

'Yata,

Lafiyarmu lau ta fuskar jiki, kada ki tayar da hankali. Ba wanda yake kwance. Ba ki yi laifin da za a yi fushi da ke ba. Na yi shiru ne don babanki ya ɗaure mini baki, ni kuma ban iya rubuta ƙarya ba. A waya ba dama, kunnensa har tafiyar ƙadangare yake ji. Takarda ce kawai ba ya ji, shi ya sa yau na zauna a kicin na ɗauki biro.

Judit, babanki ya ɓata a tsakar gidansa.

Ni da ke duka ba mu san yadda yake tafiya ba, sai da abin ya faru ya gaya mini. Saiwar nan da kika ga ya taka, ba tuntuɓe yake yi ba, nemanta yake yi. In ya fito daga ɗaki ya ji ta a ƙarƙashin ƙafa, sai ya ɗaga hannu ya kama igiyar shanya, ita ke kai shi banɗaki. In waje zai fita, daga saiwa sai ya bi sanyin ƙasar kusa da rijiya, ya tsallake kwata, ya taka duwatsun nan uku, ga zaure. Shekara shida yana yi ba sanda. Kin san maganarsa, sanda ta titi ce, ba ya riƙe ta a gidansa. Duk waɗannan muka kwashe a kwana goma sha tara, yana zaune yana jin ana kwashewa.

Kwana biyu da gama aiki na tafi kasuwa da safe. Na dawo wajen sha biyu na same shi tsaye a tsakiyar fili, cikin rana, da buta a hannu, ya fuskanci akurkin kaji. Tun fitata yake wurin. Ya ce duk inda ya sa ƙafa iri ɗaya ne, ya juya, ya sake juyawa, har ya rasa inda ɗakinsa yake. Bai kira Mairo ba don kunya. Bai kai banɗaki ba, ba sai na faɗa miki sauran ba. Na kama hannunsa na kai shi ciki. Abin da ya fara cewa shi ne, “Febi, kada yarinyar nan ta ji. Aikinta ne na farko a gida.”

Tun ranar bai ƙara fita shi kaɗai ba. Sai na riƙe shi, shi kuma ba ya son riƙo, don haka ya rage shan ruwa. Dakalin ƙofar gida da yake zama kowace safiya, masu wucewa suna gaishe shi yana kiran kowa da sunan ubansa, wata biyu ke nan bai hau shi ba. Hutun da na rubuta miki ke nan. Na ɗauka za ki gane, ashe na lulluɓe maganar da yawa.

Wasiƙarki ta Maris na karanta masa da ƙarfi kamar yadda kika ce. Da na zo wurin gudu, ya yi dariya, ya ce in sake karantawa. Ni ce na kasa.

Ina jin tsoro, 'yata. Tsoho in ya saba da ɗaki, ƙafa ba ta jiran sa.

Gwaggonki,
Febi

Fatakwal, 12 ga Mayu

Gwaggo,

Ban san da wane baki zan gaishe ki ba. Na karanta wasiƙarki a tasha, a tsaye, Siman yana tambayata ko rasuwa aka yi.

Garin neman ƙiba na samo rama. Ni da na rubuto miki da iyayi cewa muna duba inda ƙafar mutane ke bi. Kwana tara na yi a gida, na auna bango, na auna rijiya, har tsawon inuwa na auna, ban tambayi Baba ko sau ɗaya yadda yake zuwa banɗaki ba. Na kalli filin da idona, na yi wa masu ido aiki.

Ki kira Ruben gobe ya farfasa komai, a mayar da gidan yadda yake. Na nemi hutu an ce sai Agusta, amma in ta kama in ajiye aikin zan ajiye. Wadda ta kasa tsara wa ubanta taku ashirin, me za ta tsara wa wani?

Ki ce masa ya yafe mini. A'a, kada ki ce, tunda bai san kin faɗa ba. Ban san ma abin da nake so ki yi ba.

Judit

Angwan Iya, Keffi, 26 ga Mayu

Judit,

Muna lafiya. Ke kuma ki share hawaye ki ci abinci, na san halinki.

A farfasa komai? Da me za a mayar da saiwar, da gam? Ke dai tun kina ƙarama haka kike, in kika ɓata layi ɗaya sai ki yage littafin duka. Bari in gaya miki, an yi ruwa huɗu masu ƙarfi a watan nan, ko ɗigo bai shiga kicin ba. Ya bi ta bayan rijiya ya fice kamar an yi masa magana. Shekara ashirin ina kwasar ruwa da wannan bayan nawa. Wanda zai taɓa mini gangaren nan sai ya fara taɓa ni. Maganar ajiye aiki kuwa, kada in ƙara ji.

Na gaya wa babanki na rubuta miki. Ba zan iya riƙe asiri biyu a gida ɗaya ba. Ya yi fushi, kwana biyu bai ce mini uffan ba sai “na gode” in na ajiye abinci. A rana ta uku ya ce in karanta masa amsarki. Na karanta duka, ban tsallake komai ba. Da na zo inda kika ce za ki bar aiki, ya buga tafinsa a katifa ya ce, “Kin ga abin da nake gudu ke nan.” Can kuma ya ce, “Shin zanen nan nasu, in an gama, ana iya gyara shi?” Na ce ban sani ba, ni alli na sani. Ya ce, “To ki tambaye ta. Ki ce mai gidan yana da ƙorafi, kamar yadda masu kuɗin da take yi wa aiki suke yi.”

To ga tambaya nan. Ki amsa masa a matsayin mai aiki, ba mai kuka ba.

Gwaggonki,
Febi

Fatakwal, 2 ga Yuni

Gwaggo da Baba,

Ina gaishe ku. Na ci abinci, Gwaggo.

Baba, ana gyarawa. Intalok ba siminti ba ne, ana cire shi ɗaya bayan ɗaya a mayar. Amma wannan karon ba zan aiko da takarda ba. Kai za ka zana, ni ina koyo.

Ga abin da nake roƙo. Da safe kafin ƙasa ta yi zafi, ka cire takalmi ka fito, Gwaggo a gefenka da alli, Ruben a baya. Ka yi tafiyar da ka saba yi a da, daga ƙofar ɗaki. Duk inda ƙafarka ta nemi wani abu ta rasa, ka tsaya ka faɗa, Gwaggo ta yi alama. Kada kowa ya ja ka, kada kowa ya ce ga hanya mafi kusa.

Abin da na sani zan ba ka, ka ɗauki wanda ya yi maka. Ana iya cire layi ɗaya na intalok a zuba tsakuwa, ƙafa za ta ji bambanci, kunne ma zai ji. Sai dai Ruben ya bi gangaren da ita, kada ta tare wa ruwa hanya. Ana iya kafa bututun ƙarfe na riƙewa har banɗaki. Ana iya dasa mai ƙamshi a bakin zaure, hanci ya gaya maka ka iso. Igiya kuwa ta dawo inda take tun yau, ba sai an jira komai ba.

Baba, na yi kuskure, kuma ya yi mini ciwo. Ina son ka fiye da kowane zane da zan taɓa yi.

'Yarka,
Judit

Angwan Iya, Keffi, 30 ga Yuni

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙafata ta sake kumburi, amma wannan karon da dalili, don mako uku ke nan ina bin babanki da alli.

Ranar farko taku huɗu ya yi ya ce a mayar da shi. Na mayar da shi ɗaki. Rana ta biyu ya kai inda saiwar take a da, ya tsaya cak, ya ce, “Nan.” Ruben ya duba wurin da ya sare, bai kuskure ko da tafin hannu ba. Sai na ga Ruben ya cire hularsa ya riƙe.

Shawarwarinki kuwa, ki yi haƙuri, an yi musu jarrabawa mai tsanani. Bututu ya faɗi. Ya ce gidansa ba asibiti ba ne. Ƙamshi ma ya faɗi, ya ce iska ce ke da shi, yau ta kai gabas gobe ta kai yamma, ba zai bi abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya ba. Amma ya ce a dasa lallen duk da haka, don ni. Tsakuwa ce ta ci. Ya sa an yi ta biyu, mai laushi zuwa banɗaki a ƙarƙashin igiya, mai kaushi zuwa zaure. Ruben ya bi gangare kamar yadda kika ce, an yi ruwa shekaranjiya kuma ba ta tare komai ba.

Rigima ta tashi a kan dutse. Babanki ya ce a inda saiwar take a dasa masa dutse, ya ɗago sama da sauran kamar yatsa biyu. Ruben ya ce, “Haba Baba, ni da aka san ni da aiki sumul? Wani ya shigo ya ga dutse ya ɗago, ai ni za a zaga har Sabon Gari.” Babanki ya ce, “In an tambaye ka, ka ce makaho ne injiniyan.” Ruben ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya tashi ya dasa. Ya sa na rantse ba zan ce shi ya yi ba.

Ba a rana ɗaya aka koma daidai ba. Sau ɗaya ya kauce ya bugi benci da gwiwa, ya kwana biyu bai gwada ba. Banɗaki ya fara iyawa, ya koma shan ruwansa yadda ya saba. Zaure ne ya ƙi. In ya kai rabi sai ya tsaya ya ce, “Febi, kina nan?” In ce ina nan. Sai ya juya.

Ya ce in gaya miki ƙorafin mai gida ya ragu, kuma in kin zo Agusta zai ɗaure miki ido da ɗankwali ya zagaya da ke, ki ga aikin da kyau.

Na ajiye biro a nan na je kai masa shayi, ga shi na dawo. Ba ya ɗaki, Judit. Rediyo na ta magana shi kaɗai. Na duba banɗaki ba kowa. Ƙofar zaure a buɗe take, sandarsa ta titi ba ta bayan ƙofa. Ina jiyo muryarsa daga waje yana yi wa wani faɗa, wai ya wuce bai gaishe shi ba. Ko sallama bai yi mini ba, tsohon nan, ya bar ni tsaye da kofi kamar sakarya. Tun watan Maris ban nemi mutumin nan na rasa ba, ga ni ina kuka a kan takardarki.

Na ɗauki mayafi zan je in shigo da shi, na mayar na ajiye. Shayin ya huce in ya ga dama. Zai dawo da kansa.

Gwaggonki,
Febi